Yanda zaka koma hawan keke bayan an sauya maka gwiwa, musamman in jinyar ta zo da wahala

A ƙauyukanmu na nan gefen Gaya zuwa Ringim keke shine ƙafar dattijo, dashi yake zuwa gona, dashi yake zuwa masallacin Juma'a da ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa a ƙauyen gaba, shi yasa duk wanda akai masa aikin sauya gwiwa tambayar da yake fara yi bayan ya dawo gida itace yaushe zan hau kekena. Na san yawancin iyayen namu basa karatu a waya, toh wannan rubutun naku ne ku 'ya'ya da kuke jinya, ku karanta musu, in kuma kai ne akai wa aikin to Allah ya ƙara sauƙi. Abinda zan faɗa na tattaro shi ne daga jinyar baffana da kuma abinda likitocin gashin ƙashi, wato masu koyar da motsa jiki bayan aiki, suke koyarwa, kuma dan Allah duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya yi aikin, tasa za a bi, shi ya buɗe gwiwar ya ga abinda ke ciki.

Ku fara gane abinda aka saka. Likita yana shafte bakin ƙashin cinya da na ƙwauri inda amosanin gaɓɓai ya cinye, ya ɗora ƙarfe a sama da ƙasa, ya sa wata roba mai ƙarfi a tsakani. Ana yin wannan aikin a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda yake nan tun 1959, wasu kuma suna fita Indiya ko Masar. Wannan ƙarfen da robar basa tsoron juya feda, hasali ma likitoci suna sa keke cikin motsa jikin da ya dace da sabuwar gwiwa saboda nauyin jiki yana kan sirdi, ba kamar gudu ko tsalle ba. Abinda gwiwar take tsoro shine faɗuwa da murɗewa, dan haka duk tsarin nan da zan bi an gina shi ne akan kar mutum ya hau hanya sai ƙafar ta iya riƙe shi lokacin hawa da lokacin sauka.

Mataki na farko babu keke a cikinsa kwata-kwata. Ciwon sai ya haɗe ya bushe, an cire zare ko ƙarafunan ɗinki, wanda yawanci wajen sati 2 ne, sannan a duba abu biyu, miƙewa da lanƙwasawa. Mutane sun fi damuwa da lanƙwasawa su manta da miƙewa, alhali ƙafar da bata miƙewa sosai ɗingishi zata bar mutum dashi. A kwanta a tabarma, a naɗe zani a sa ƙarƙashin diddige, a bar bayan gwiwar ya sauka ƙasa da kansa, sannan a matse naman cinya kamar za a danne tabarmar da bayan gwiwa, a ƙirga biyar a saki. Kar a sa filo a ƙarƙashin gwiwa lokacin barci duk da daɗin da yake yi, nan ne ƙafa take koyon zama a tanƙware. Bayan shi sai ɗaga ƙafa a miƙe daga kwance, sai jan diddige zuwa ɗuwawu, in ƙafar ta ƙi zuwa a zarga rawani ko tawul a tafin ƙafa a ja a hankali da hannu. Kowanne kamar sau 10, safe da rana da yamma.

Lanƙwasawa kuma da digiri ake auna ta, likitan gashi yana da wata rula mai ninkewa da yake ɗorawa a gefen ƙafa. In mutum ya zauna a kujera tafin ƙafarsa yana ƙasa daidai ƙarƙashin gwiwa, wannan 90 kenan. Tafiya a fili bata buƙatar ma kai haka, amma feda ta zagaya gaba ɗaya tana son wajen 105 zuwa 110, ma'ana sai ƙafar ta iya zamewa baya ta shige ƙarƙashin kujerar kaɗan. A gida zaku iya ɗaukar hoto da waya daga gefe duk sati, a kujera ɗaya, a wuri ɗaya, zaku ga ko ana gaba ko an tsaya.

Anan zan tsaya in ja hankali sosai saboda nan ne masu jinya mai wahala suke rasa dama. In an kai sati 6 gwiwar bata kai 90 ba, ko ta tsaya cak ta daina ƙaruwa, kar a zauna a gida ana cewa sannu a hankali zata saki. Nama ne yake ɗaurewa a ciki, kuma yana ƙara tauri da lokaci. Likita yana da hanyar da zai sa mutum barci ya lanƙwasa ƙafar da hannunsa ya tsinka ɗaurin, amma wannan ta fi aiki a cikin wata 3 na farko, in aka wuce sai abin ya ƙara wuya. Kuɗin mota zuwa Kano ko Dutse ko Birnin Kudu yana da nauyi, na sani, amma wannan zuwan kam kar a ɗaga shi zuwa bayan girbi. Kuma wallahi kar a bari wani a gida ko mai ɗori ya danne ƙafar da ƙarfi wai zai karya taurin, ƙashin dattijo a gefen ƙarfe yana iya tsagewa, jijiyar ƙoƙon gwiwa tana iya tsinkewa. Haka nan babu ƙaho, babu tsaga, babu allurar kemis a cikin gwiwar. Ƙwayar cuta in ta samu hanya ta manne a jikin ƙarfe magani baya saurin kai mata, wani lokaci sai an sake buɗewa an wanke ko an cire ƙarfen gaba ɗaya. Wanda kuma dama ciwon nasa ya yi ruwa ko an sake shiga dashi tiyata, lissafin satuttukan da zan faɗa ba nasa bane, nasa yana farawa ne daga ranar da likita ya duba jini ya ce cutar ta kwanta.

Mataki na biyu shine keken da baya tafiya. A sashen gashi na manyan asibitoci akwai keken motsa jiki na tsaye, mu a ƙauye babu, amma kekenmu na gida yana iya yin aikin. Ga wani abu da mutane basa lura dashi, keke irin Raleigh ko Phoenix ko Hero in ka juya feda baya, kaca ce kawai take zagayawa, taya bata motsi, kuma babu nauyi ko kaɗan. Toh wannan shine abinda ake so da farko. A jingina keken kusa da bango ko turken rumfa, a tare tayar gaba da ta baya da bulo, a ɗaure kan keken da igiya a jikin turken, mutum ɗaya mai ƙarfi ya riƙe kariya. Kar a dogara da jak ɗin keken shi kaɗai, ba a yi shi dan ɗaukar nauyin mutum ba. A ajiye wani bulon a gefe ya zama matakala. In da hali a kai wa mai walda ya ƙera ƙafafu masu faɗi da zasu riƙe ƙarfen tsakiyar tayar baya su ɗaga ta daga ƙasa, zai yi amfani a gaba.

A ɗaga sirdi sama fiye da yanda aka saba, saboda in sirdi ya yi sama gwiwa bata lanƙwasawa da yawa idan feda ta zo sama. Ma'aunin shine a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ranar farko kar a nemi zagaye. A tura feda gaba har inda aka ji ta ja, a tsaya nan a ƙirga biyar, a dawo da ita baya har inda ta ja, a sake tsayawa, ana lilo haka rabi da rabi, ƙafa mai lafiya ce take tuƙawa mai ciwon tana bi. Minti 5, sau biyu a rana ya isa. Wata rana ana cikin lilon nan fedar zata wuce ta sama da kanta, kuma yawanci ta baya take fara wucewa kafin ta gaba. Wani cikin kwanaki yake samu, wanda gwiwarsa ta ɗaure yana iya yin satuttuka yana lilo, duk aiki ne, gwiwar tana ƙaruwa.

Mai riƙe keken ya sa ido akan ƙugu. In Baba yana ɗaga ɗuwawu ɗaya daga sirdi ko yana buɗe gwiwar waje dan fedar ta wuce, ƙugu ne ya yi zagayen, gwiwar bata yi komai ba, kuma ciwon baya zai biyo. Ka ce masa Baba a dawo lilo tukuna, ko a ƙara ɗaga sirdin kaɗan. Akwai kuma dabara ta wajen mai gyaran keke, ƙarfen da feda take ɗaure a jikinsa yawanci wajen santimita 17 ne a babban keke, in aka samu gajere na ƙaramin keke da ya shiga daidai, zagayen yana ƙanƙancewa, gwiwar da ta tsaya a kusa da 100 sai ta iya wucewa. A sauya duka ɓangarorin biyu, ba ɗaya ba.

In zagaye ya samu gaba da baya babu ɗaga ƙugu, sai a riƙa ƙara lokaci, minti 2 ko 3 duk bayan 'yan kwanaki har a kai minti 15 zuwa 20. Sai an kai nan za a fara maganar nauyi, a ɗora tayar baya akan ƙafafun nan da mai walda ya ƙera, a juya gaba, daga baya a ɗan ɗaure hannun birkin baya da roba ya riƙa shafar taya kaɗan. Lokaci ake fara ƙarawa kafin nauyi, kuma ba a ƙara su biyun a rana ɗaya.

Ta yaya za a san an yi yawa? Washegari da safe ake ganewa. Jin ja da gajiya a cinya lokacin aiki ba komai bane, amma zafi mai suka a cikin gwiwa alama ce ta a tsaya. Ku samu tef ɗin tela ku auna kaurin ƙafar a saman ƙoƙon gwiwa, wuri ɗaya kullum, ku rubuta a littafi tare da mintin da aka yi. In da safe ta fi jiya kumbura, ko ta fi jiya tauri, ko ta hana barci, a huta ranar, washegari a koma rabin abinda aka yi. Bayan kowane hawa a kwanta a ɗaga ƙafar sama da ƙirji a sa mata sanyi minti 15 zuwa 20. Ƙanƙara tana wuya a wajenmu, fiya wata mai sanyi daga shagon mai firijin sola ya wadatar, in babu ko tsumma da aka jiƙa da ruwan randa yana ragewa. A naɗe a ƙyalle kar a ɗora kai tsaye, dan fatar gefen tabon ta waje takan mutu bata jin komai, sanyi zai iya ƙona ta mutum bai sani ba. Gashi da ruwan zafi akan gwiwar da ta kumbura ƙara mata kumburi yake. Maganin ciwo kuma wanda likita ya rubuta, su diclofenac da ibuprofen da ake saye barkatai suna taɓa ciki da ƙoda, musamman ga mai olsa ko hawan jini ko ciwon suga.

Akwai alamomin da ba a jira gari ya waye. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi da ciwo, wannan yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in kuma numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya riƙe to a nemi mota nan take. Zazzaɓi tare da gwiwa ta yi ja ta yi zafi, ko tabon ya fara fitar da ruwa ko mugunya, asibiti, kar a ce maleriya ce a sha magani a kwanta.

Mataki na uku, gwaji kafin fita. Ga wanda komai ya tafi masa daidai likitoci sukan bada izinin hawa a waje daga wajen wata 3, wanda ya sha wahala yana iya kai wata 6 ko fiye, kuma babu abin kunya a ciki, kar a riƙa kawo masa labarin wane da akai musu aiki tare har ya fara zuwa kasuwa. Abinda za a duba, yana tafiyar minti 20 zuwa 30 babu sanda, yana tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, yana tsayawa akan ƙafar aikin ita kaɗai ya ƙirga goma bai yi tangaɗi ba, yana hawa dakali ya sauko gwiwar bata lanƙwashe masa ba zato, kuma ya daina shan magani mai sa jiri ko barci irin tramadol. In ɗaya ya rage a ci gaba da keken gida.

Sai zaɓen keken, kuma anan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Babban keken maza mai sanda a tsakiya shine mafi haɗari ga sabuwar gwiwa, dan sai ka tsaya da ƙafa ɗaya ka wurga ɗayar ta bayan sirdi, in kuma abu ya taso ba zaka iya zamewa ka dira da sauri ba. Keken da babu sanda, wanda muke cewa keken mata, shine daidai. Na san dattawa suna jin nauyin a gansu a kansa, sai an lallaba, ka ce Baba likita ne ya ce, na ɗan lokaci ne, kuma gaskiya ko ya zama na dindindin babu aibu. In an samu na hannu mai giya ya fi, a riƙa sa giya mai sauƙi ƙafa tana juyawa da sauri babu dannawa da ƙarfi. A kai shi wajen mai gyara ya duba birki gaba da baya, ya sa feda mai faɗi ta roba, ya sa wa kaca mai. Takalmi rufaffe ko sandal mai maɗauri, silifas yana zamewa. Babbar riga da doguwar jamfa suna maƙalewa a sirdi lokacin sauka, a naɗe su ko a sa gajeriyar riga, ƙafar wando ta ɓangaren kaca a ɗaure ta.

Hawa da sauka a koye su daban, a tsakar gida, kafin a tuƙa ko taku ɗaya. Hawan da aka saba tun ƙuruciya, a ɗora ƙafa a feda a tura keke da gudu a wurga ɗayar, an bar shi kenan. Yanzu a matse birki biyu, a tsaya akan ƙafa mai lafiya, a karkato keken zuwa jiki dan ya yi ƙasa, a tsallakar da ƙafar aikin ta gaban sirdi. Wanda akai wa gwiwar dama zai hau ta hagu yanda ya saba, wanda akai wa ta hagu sai ya koyi hawa ta dama, kuma wannan yana buƙatar maimaici dan jiki bai saba ba. Wajen tashi a ɗago fedar ƙafa mai lafiya sama ta ɗan yi gaba, ita zata fara turawa. Wajen tsayawa a rage gudu tun daga nesa, a zame gaba daga sirdi, ƙafa mai lafiya ta fara taɓa ƙasa. Sirdin da aka ɗaga sosai a gida a sauke shi kaɗan yanda yatsun ƙafa zasu iya taɓa ƙasa daga zaune, amma kar a sauke da yawa, sirdi ƙasa-ƙasa shine yake kawo ciwo a gaban gwiwa.

Fita ta farko a nemi fili mai tauri, filin firamare bayan an tashi ko filin idi, da hantsi ko bayan la'asar, wani yana biye a ƙafa. Minti 10, zagaye mai faɗi, a gwada tsayawa da tashi sau da yawa dan shine ainihin darasin. Rana ɗaya a hau rana ɗaya a huta, littafi da tef ɗin tela suna nan suna aiki. In an yi sati biyu haka lafiya sai a hau burji, a fara da tafiyar da in keken ya yi faci za a iya dawowa a ƙafa ba tare da wahala ba.

Babban abokin gabar gwiwar nan a ƙasarmu yashi ne. Duk wanda ya bi hanyoyin jigawa ya san yanda tayar gaba take nutsewa ta kauce, mutum ya danna feda da dukkan ƙarfinsa ko ya dira da ƙafa ba shiri, su biyun kuma sune abinda ake gudu. In an hango rairayi a sauka tun kafin a shiga a tura keken, haka a gangaren rafi da hawan gada, haka a taɓon damina. Ba a miƙewa tsaye akan feda. In an haɗu da garken shanu ko amalanke a hanyar gona a tsaya a basu wuri. Titin kwalta ranar kasuwa, irin Juma'ar Wudil ko Alhamis ɗin Maigatari da manyan motoci suke cika hanya suna tura mai keke gefen da kwalta ta karye, a bar shi sai an yi watanni ana hawa. Dare ma haka, rami ɗaya ya isa. A bazara kuma a fita da ruwa a guji tsakar rana, jiri akan keke faɗuwa ne.

Kaya a kariya shine na ƙarshe da za a dawo dashi. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, buhun taki kilo 50, kuma nauyin baya yana rinjayar keke daidai lokacin tsayawa, ƙafa ɗaya ce zata tare shi. A bar wa yara wannan, goyon jikoki ma a dakata. In an fara, a fara da abu mara nauyi kamar ƙunshin abinci ko fartanya a ɗaure tam.

In ƙaddara ta sa an faɗi, kar a yi saurin miƙewa. In ƙafar ta kasa ɗaukar nauyi, ko ta karkace, ko ta kumbura nan da nan, ko ya kasa ɗaga ta a miƙe, a ɗaure ta da katako yanda take a kai asibitin da zasu yi hoto, a gaya musu akwai ƙarfe a ciki. Karaya a gefen ƙarfe aikin likitan ƙashi ne. Ko ƙujewa ce kawai a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta a rufe, kuma daga yanzu maruru ko ciwon haƙori mai mugunya ko ciwon fitsari ba a barinsu su daɗe, dan cuta tana bin jini ta sauka a gwiwar.

Wani abu da 'ya'ya ya kamata su sani, ba kowa bane yake jin gwiwar ta dawo kamar ta da. Bincike ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 yana ci gaba da jin wani ciwo ko rashin gamsuwa bayan aikin, kumburi da ɗumi suna iya kai watanni, sauƙi kuma yana ci gaba da zuwa har shekara guda. Ƙarar ƙwas-ƙwas da ake ji in ana juya feda ƙarfe ne da roba suke haɗuwa, in babu ciwo tare da ita ba matsala bace. Dattijon da ya daɗe a kwance tsoro yana kama shi, wani zai ce shi ya haƙura da keke, kar a yi masa dariya kuma kar a tilasta shi, a bar shi a keken gida har zuciyarsa ta kwanta. In yana tsoron wai hawa zai cinye ƙarfen, ku gaya masa wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na irin wannan gwiwar suna kai shekara 25 ba a sauya su ba.

Keke zai kai mutum gona da masallaci, amma tsuguno da durƙuso wani babi ne daban, suna neman lanƙwasawa fiye da ta feda nesa ba kusa ba. Sallah akan kujera, kujerar bayan gida maimakon masai na tsuguno, da barin noman duƙe ga yara, duk a ci gaba dasu ko an fara hawa, sai an tambayi likita. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin nan da hotunan waya, a gaya masa minti nawa ake yi, a wace irin hanya, da yanda gwiwar take kwana, a kuma tambaye shi ƙarara ko ya yarda a fara ɗaukar kaya da tafiya mai nisa.